Tambayi Likita: Kumburin Jijiyoyin Jini a Bakin Yara

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan abu guda suke: jan tabo ko shuɗin kumburi a leɓe, harshe, kumatu ko dasashin yaro. A ido suna kama da juna, amma cututtuka ne daban-daban, kuma maganin da ke yi wa ɗaya aiki ba ya taɓuka komai a kan ɗayan. Likitocin yara da na haƙori da muke aiki tare ne suka duba amsoshin.

Tambaya: Likita, 'yata tana da mako bakwai. An haife ta lafiya lau, babu komai a bakinta. A mako na biyu wani ɗan jan tabo ya fito a leɓenta na sama, yanzu ya tasa, kullum ƙara girma yake. An ce in rabu da shi, zai baje da kansa. In jira?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki jira. Abin da kika kwatanta ya yi kama da hemanjiyoma ta jarirai, wato ƙari marar cutar daji da ke tasowa saboda ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jini suna hayayyafa fiye da kima. Tana samun kusan jarirai 4 zuwa 5 cikin 100, ta fi yawa a 'ya'ya mata da bakwaini da waɗanda aka haifa ba nauyi. Ba a cika ganinta ranar haihuwa ba. Takan ɓullo a makonnin farko, ta fi saurin girma tsakanin wata ɗaya da wata uku, yawanci kafin wata biyar ta kusa kai iyakarta. Daga shekara ɗaya sai ta fara ja da baya a hankali, shekara da shekaru.

Wanda ya ce miki za ta baje bai yi ƙarya ba, sai dai bai yi la'akari da inda take ba. Hemanjiyomar da ke bayan jariri ko cikinsa ana iya zuba mata ido. Ta leɓe kuwa kullum tana cikin yawu da gogayyar tsotso, shi ya sa take yawan fashewa ta zama gyambo. Gyambon yana da zafi, jaririya ta ƙi nono, nauyinta ya tsaya. In ya warke kuma yakan bar tabo a daidai layin da jan leɓe ya haɗu da fata, wurin da gyaransa ke ba likitan fiɗa wuya. Ko ba ta fashe ba, idan ta yi girma ta saki, takan bar leɓe a kumbure da tsoka mai laushi. Alamar da ke gabatar fashewa ita ce saman tabon ya fara yin fari-fari ko toka-toka tun yarinya ba ta kai wata uku ba.

Maganin da aka fi dogara da shi yau shi ne furofaranolol, tsohon maganin zuciya da hawan jini. A 2008 likitoci a birnin Bodo na Faransa suka ba da rahoton cewa yana tsayar da hemanjiyoma, bayan sun ba wa jarirai shi don matsalar zuciya suka ga tabon yana laushi yana dusashewa. A 2014 aka amince da nau'in ruwa na jarirai a Amurka da Turai. Ana lissafa shi da nauyi: a fara da miligiram 1 ga kowane kilo a rana, a ɗaga zuwa 2 ko 3, a raba kashi biyu, safe da yamma, da tazarar aƙalla awa tara. Jaririya mai kilo 5 a kan miligiram 2 za ta sha 10 a rana, 5 da safe 5 da yamma. Ana auna ta duk wata a gyara adadin, don in nauyi ya ƙaru magani bai ƙaru ba, tabon zai ci gaba da girma. Ana sha aƙalla wata shida, sau da yawa har ta cika shekara. Mun kawo waɗannan alƙaluma ne don ki fahimci takardar likita. Ba maganin da uwa za ta saya ta fara da kanta ba ne, sai an saurari zuciya da huhu tukuna, an kuma duba bugun zuciya bayan shan farko.

Ƙa'ida ɗaya ce ba a wasa da ita: ana ba da shi ne tare da shan nono ko dab da gamawa. Ranar da take amai ko ta ƙi ci, a tsallake. Maganin yana iya saukar da sukarin jini, yana kuma ɓoye alamomin saukar, sai dai a ga yarinya ta yi laƙwas tana gumi, ta ƙi farkawa. Haka idan ƙirjinta ya fara ƙara kamar fito saboda mura, a dakata a kira likita. Sanyin hannu da ƙafa da rashin barci mai nauyi sun fi yawa, ba su da haɗari.

Ki duba haɓarta da gaban kunnuwa da wuyanta. Idan jan tabon ya bi waɗannan wurare da leɓen ƙasa, akwai yiwuwar wata hemanjiyomar tana ɓoye a maƙogwaro, ƙarƙashin akwatin murya. Numfashi mai ƙara, ko kukan da ya dishe ba mura, asibiti ne nan take.

Tambaya: Ɗana yana da shekara shida. Tun yana goye akwai shuɗin kumburi a cikin kumatunsa da gefen harshe. An ce mana hemanjiyoma ce, kafin ya shiga makaranta za ta tafi. Ga shi ta ƙaru. In ya yi kuka ko ya sunkuya sai ta cika, wata rana ya tashi da safe yana cewa tana masa zafi. Mene ne wannan?

Amsa: Malam, da wuya wannan ta zama hemanjiyoma. Duk alamomin da ka lissafa na dunƙulen jijiya ne, wato jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya da ba su ginu daidai ba tun yaro yana ciki. Kiran kowane kumburin jini da suna ɗaya tsohon ruɗani ne. Tun 1982 masana biyu a birnin Boston na Amurka, Mulliken da Glowacki, suka raba su gida biyu: masu hayayyafa su ja da baya, da masu tangarɗar gini da ba sa tafiya ko'ina. Har yau ana cakuɗa sunayen a takardun asibiti, kuma iyaye ne ke biyan kuɗin kuskuren da shekarun jira.

Lafiyayyar jijiya tana da siririyar tsoka a bangonta da ke riƙe ta. A dunƙulen jijiya wannan tsokar ta yi ƙaranci, wani wurin ma babu, sai jijiyoyin su buɗe su zama kogo-kogo masu haɗe da juna, kamar soso. Jini yana shiga ya kwanta. Kuka, yunƙuri ko sunkuyawa suna hana jinin kai komawa da sauri, kogunan su cika. In yaro ya miƙe ya huce, su sace. Zafin safiya kuwa daga kwanciyar jini ne cikin dare: ƙananan gudaji suna daskarewa a ciki. Wasu gudajin daga baya su taurare su zama 'yan tsakuwoyi da yatsa ke iya ji, hoton ƙashi ma yana nuna su. A yawancin yara an gano cewa canji ne a ƙwayar halitta, galibi wadda ake kira TEK, wani lokaci PIK3CA, kuma canjin a wurin kumburin kaɗai yake. Ba abin da uwa ta ci ko ta yi da ciki ne ya jawo shi ba, kuma mafi yawa ba gado ba ne.

Yana girma ne tare da yaro, yakan kuma yi tsalle lokacin balaga, ko bayan an bugu a wurin, ko bayan an yi masa yankan da bai cire shi duka ba.

A asibiti gwajin farko hannu ne da ido. Likita zai danna: dunƙulen jijiya yana da laushi, yana sacewa, ya sake cika sannu a hankali in an saki. Ba ya bugawa, bai fi gefensa ɗumi ba. Wani lokaci a ɗora ɗan gilashi a danna a ga launin ya kau. Za a sa yaron ya kwanta kansa ya yi ƙasa na ɗan lokaci a ga ko ya cika. Sai sikanin mai nuna gudun jini, wanda ke amsa tambaya mafi muhimmanci: jinin ciki a hankali yake tafiya ko da ƙarfi? Ba ya buƙatar sa yaro barci. Bayansa hoton MRI, don abin da ake gani a baki sau da yawa ɗan kan abin ne kawai. MRI ke nuna ko ya ratsa tsokar tauna, gindin harshe, ganɗa ko bangon maƙogwaro. Yaro ƙarami zai iya buƙatar maganin barci don ya kwanta shiru minti talatin zuwa arba'in. In dunƙulen babba ne, a ƙara gwajin jini biyu, D-daima da fibirinojin, domin manyan dunƙule suna cinye sinadaran daskarar da jini a cikinsu, yaro ya zubar da jini fiye da kima ranar fiɗa.

Abin da ba a yi da wuri shi ne yankar tsoka don gwaji, ko soka allura a zuƙo a gani. Sai in hoto ya bar shakka, ko kumburin yana da tauri, yana girma cikin makonni, ba ya sacewa. Nan ne ake tunanin wani ƙari daban.

Ka lura da barcinsa. Minshari mai ƙarfi, ɗaukewar numfashi, ko son yin barci a zaune suna nuna dunƙulen yana cika ya tare hanyar iska in ya kwanta. Ka gaya wa likita ko bai tambaya ba. Ka kuma sa likitan haƙori ya riƙa dubawa, don harshe ko kumatu mai kumburi yana tura haƙora a hankali har cizo ya karkace.

Tambaya: An tabbatar 'yata mai shekara tara tana da dunƙulen jijiya a leɓen ƙasa da cikin kumatu. Likita ya ce allura za a riƙa yi mata a wurin, ba sau ɗaya ba. Me zai hana a yanke a huta?

Amsa: Hajiya, abin da ke hana yankan shi ne rashin iyaka. Ƙaramin dunƙule mai zagayayyen baki, santimita ɗaya ko biyu, ana iya cire shi gaba ɗaya a gama. Amma mafi yawan na leɓe da kumatu sun saƙu cikin tsokar da ke rufe baki, kusa da jijiyoyin da ke motsa fuska. Wuƙa ba za ta raba su ba sai ta tafi da tsoka mai amfani, jini ya zuba da yawa, abin da ya rage kuma ya sake buɗewa.

Allurar tana aiki ne daga ciki. Ana sa yarinya barci, a soka siririyar allura cikin kogon da taimakon sikanin, a ga jini ya dawo a tabbatar ana ciki. Sau da yawa a fara tura ruwan da hoto ke gani, don a san girman kogon da kuma inda jininsa ke fita. Sannan a tura maganin da ke ƙona shimfiɗar cikin jijiyar. Bangon ya kumbura, ya manne, cikin makonni ya zama tabo ya tsuke. Kogunan suna da yawa, kuma akwai iyakar maganin da jiki zai ɗauka a zama guda, shi ya sa ake maimaitawa, yawanci bayan mako shida zuwa takwas.

Magungunan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Biyu daga cikinsu, Folidokanol da wani da ake kira STS, ana kaɗa su da iska tsakanin sirinji biyu su zama kumfa, kusan kashi ɗaya na magani da kashi huɗu na iska, domin kumfa tana ture jini ta daɗe a jikin bango. Biliyomaisin ba ya kumbura wuri sosai, don haka ake son sa a harshe da ganɗa da duk inda kumburi zai iya toshe numfashi. Aibinsa shi ne in ya taru a jiki da yawa yana iya taɓa huhu, shi ya sa ake rubuta jimillar abin da aka ba yaro tun daga zaman farko. Ki riƙe wannan lissafin a hannunki ko da za a canza asibiti. Yakan kuma bar baƙin layi a fata inda aka sosa ko aka ɓare filasta a kwanakin allurar. Tsantsar etanol, wato sinadarin barasa, ta fi duka ƙarfi, ta fi su hana dawowa, ta kuma fi su ɓarna: tana iya kashe fata, ta shanye jijiyar motsi, in ta zarce cikin jini da yawa ta taɓa zuciya da huhu. A ganinmu, ga leɓen yarinya mai shekara tara, ba da ita ake farawa ba, kuma ba a ba da ita sai a hannun wanda ya saba.

Ki shirya wa kumburi. Kwana biyu zuwa uku na farko leɓen zai fi yadda yake a da girma, ya yi tauri. Wannan ba alamar an yi kuskure ba ce. Yakan sauka cikin mako ɗaya zuwa biyu, amfanin kuma ba ya bayyana sai bayan wata guda ko fiye. A ɗaga mata kai da matashi, a ba ta abinci mai laushi marar zafi, ta sha ruwa sosai. Fitsari na iya yin duhu a ranar farko saboda fashewar jajayen ƙwayoyin jini, ruwa ke wanke shi. Abin da zai mayar da ku asibiti ba jira: wahalar numfashi ko haɗiya, fatar wurin ta yi fari fat ko baƙi, bororo, zazzaɓi, ko fitsari ya ragu. In dunƙulen yana gindin harshe, likitoci kan bar bututun numfashi har kumburi ya sauka. Gara a tattauna wannan tun kafin ranar.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Hasken leza mai shiga zurfin 'yan milimita yana aiki sosai a kan shuɗin da ke saman fatar baki, ya bar farin miki da ke warkewa cikin mako biyu zuwa uku, amma ba ya kai wa na can ciki. Sirolimus kuma na sha ne, ana ajiye shi don manyan dunƙule da allura da fiɗa suka gaza. Yana rage zafi da zubar jini, amma yana rage garkuwar jiki, yana kawo gyambon baki, sai ana auna yawansa a jini. Furofaranolol ba ya yi wa dunƙulen jijiya komai. Sau da yawa fiɗa tana zuwa daga ƙarshe, a gyara siffar leɓe bayan allura ta tsuke shi.

Ki tambayi likitan abin da ake nema da aikin. A babban dunƙule burin shi ne ta ci, ta yi magana, ta yi barci ba zafi, fuskarta ta daidaita. Ɓacewa gaba ɗaya ba ta cika samuwa ba, kuma yana iya motsawa in ta balaga ko ta sami ciki. Dunƙulen da ba ya ciwo, ba ya jini, ba a cizonsa, barinsa ana dubawa shi ma magani ne.

Tambaya: Jaririna mai wata goma, wani shuɗin ƙullutu ya fito a dasashinsa inda haƙori zai tsiro. Irin wannan ne?

Amsa: Galibi a'a. Ruwa ne da ɗan jini suka taru a kan haƙorin da ke tahowa, yana fashewa da kansa in haƙorin ya huda. Kada a tsaga shi. Haka ƙullutu mai sheƙi a cikin leɓen ƙasa na yaro mai cizon leɓe, yawanci yawu ne ya taru daga 'yar hanyar da ta fashe. In an danna ba ya sacewa. Idan na ɗanki ya wuce 'yan makonni haƙori bai fito ba, ko yana ƙaruwa, ko yana jini, a kai shi a duba.

Tambaya: Ƙanena mai shekara goma sha ɗaya yana tashi da jini a matashi. Wani turmin haƙorinsa na ƙasa yana girgiɗi, gefen fuskar ya ɗan fi ɗayan girma da ɗumi. Muna shirin kai shi a cire haƙorin.

Amsa: Ku dakata da cirewar, ku kai shi babban asibiti mai sashen fiɗar baki da muƙamuƙi cikin kwanakin nan. Wataƙila ciwon dasashi ne kawai. Amma haƙori mai girgiɗi ba dalili, da jini daga wuyan haƙori cikin dare, da ɗumin gefe ɗaya, su ne alamomin nau'in tangarɗar jijiyar jini da ya fi kowanne haɗari: inda jijiya mai kawo jini daga zuciya ta haɗu kai tsaye da mai mayarwa a cikin ƙashin muƙamuƙi, babu ƙananan jijiyoyin da ke rage ƙarfin gudu a tsakani. Ba shi da yawa, amma yakan bayyana daidai wannan shekarun, lokacin sauya haƙora da balaga. Haƙorin nan shi ne murfin. An sha rubuta labarin yaran da suka rasu a kujerar likitan haƙori bayan an cire irinsa.

Ka sa yatsa a hankali a kan kumburin. Idan kana jin bugu ko kaɗawa, ko shi yana jin ƙara a kunnensa daidai da bugun zuciya, ka faɗa wa likita da bakinka. Hoton haƙora na yau da kullum na iya nuna duhu kawai a ƙashi, mai kama da ƙari na ruwa, don haka ake buƙatar sikanin gudun jini da hoton CT ko MRI mai allurar launi. Maganinsa shi ne a bi ta jijiyar cinya da siririn bututu a toshe cibiyar haɗuwar da wani irin gam, wani lokaci a biyo da fiɗa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ɗaure babbar jijiyar da ke ciyar da shi daga waje kuskure ne, domin jini yana buɗe wasu hanyoyin, an kuma rufe ƙofar da za a bi a yi gyara.

Kafin ku isa, in jini ya ɓalle: ya zauna, ya ɗan sunkuya gaba don kada ya haɗiye. A naɗe gauz ko tsumma mai tsabta, a ɗora a wurin, ya cije da ƙarfi ko a danna da yatsa minti goma cur ba a ɗaga ana leƙawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai, kada a cire na farko. Kada ya kurkure baki ko ya yi ta tofarwa, kuma kada a ba shi asfirin ko ibufurofen. Idan haƙorin ya fita jini yana tsartuwa, a mayar da shi raminsa ya cije a kai, a tafi asibiti a haka.